Tafiya Ƙasar Masu Lambu: Daga Kura zuwa Tiga

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya a tsakiyar hunturu ya san yadda ƙasa take sauya kama da zarar an haye gadar Tamburawa. A baya ka baro gonaki a bushe, ba komai cikinsu sai guntayen karan dawa da awaki na kiwo, ga hazo ya rufe sama. Kafin ka isa Kura sai ka ga hagu da dama sun yi kore shar: albasa, tumatir, masara, alkama, kabeji, wasu sun kusa girbi, wasu yanzu ake dasa su. Alhali rabon wurin da ruwan sama tun wajen Oktoba, kuma ba a sa ran wani sai ƙarshen Mayu ko cikin Yuni.

Ɗan 'yar'uwata ne ya fito da ni. Ya gama bautar ƙasa, aiki bai samu ba, ga gonar gado da ba ta wuce eka guda ba a ƙauyensu, sai ya ƙudura zai mai da ita lambu. Ya zo mini da jerin abin da zai shuka, tun daga tumatir har inabi da tuffa, duk daga bidiyon da yake kallo a waya. Ni ba manomi ba ne balle in ba shi shawara, amma na san inda manoman suke. Na ce masa ya shirya mu je wurin masu abin, tunda gani ya kori ji.

Tun ba mu fita gari ba muka tsaya a kasuwar 'Yan Lemo da ke Na'ibawa. Manyan motoci na sauke lemo daga Binuwai, ayaba da abarba daga kudu, 'yan dako na ta kai da kawowa. Wani ɗan kasuwa da muka zauna a rumfarsa ya saurari yaron har ya gama, sannan ya nuna masa tulin lemon da ke gabanmu. Ya ce mai eka guda ba zai yi gogayya da wannan ba, domin a can ruwan sama ne ke shayar da bishiyar kyauta. Abin da mai ƙaramin lambu ya fi kowa da shi kusanci ne: alayyahu da latas da ganyen albasa ba sa jure doguwar tafiya, wanda ya yanko da asuba ya kawo kafin hantsi shi ke da kasuwa. Da wannan muka kama hanya.

Kura dā da rini aka san ta, har rawanin da ake kira ɗan Kura ya yi suna zuwa ƙasar Buzaye. Yau kuwa ƙarar injinan casar shinkafa ce ke tarbar baƙo, ga tsibin ɓuntu a bayan kowane inji. Abin da ya juya garin haka ruwa ne. A zamanin Gwamna Audu Baƙo aka gina madatsar Bagauda, sannan aka gina ta Tiga tsakanin 1971 da 1974 a kan kogin Kano. Daga Tiga ruwan ke gangarowa da kansa, ba inji, ya bi ta Ruwan Kanya, ya shiga manyan magudanai ya rarrabu cikin ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke kula da tsarin, wanda aka zana kashinsa na farko don ya shayar da kimanin hekta 22,000.

A wajen Kadawa muka ajiye mota muka bi gefen magudana da ƙafa har muka iske wani dattijo a lambunsa, wando a naɗe zuwa gwiwa. Bayan gaisuwa yaron ya fara bayani.

"Baba, ina so in fara lambu ne. Wane iri ya fi kawo kuɗi?"

Dattijon bai amsa wannan ba. "Ina ruwanka yake, samari?"

"Akwai rijiya a gonar."

"Ka taɓa leƙa ta a watan Afrilu?"

Yaron ya yi shiru. Dattijon ya ce rijiyar da ta cika a ƙarshen damina ba ita ce shaida ba; a tsakiyar bazara, lokacin da zafi ke kaiwa digiri 40, a nan ake sanin gaskiyarta. Kuma gwargwadon abin da take bayarwa a wannan watan, gwargwadon faɗin lambun da ya kamata mutum ya buɗe ke nan.

Mun tsaya muna kallon jikansa yana ban-ruwa. An yanka filin fangali-fangali, kowanne bai fi taku uku ko huɗu ba, an tayar masa da ƙaramar ganuwar ƙasa. Ruwa na bin wata siririyar hanya a tsakani. Jikan ya sa fartanya ya sare bakin fangali ɗaya, ya ɗauki ƙasar da ya saro ya datse hanyar da ita, ruwan ya karkata ya shiga. Kafin ya cika har ya matsa ya tsaya a bakin na gaba. Da ruwan ya taɓa kowace kusurwa sai ya mayar da ƙasar mazauninta, ya buɗe na biyu. Ba ya barin ya yi ambaliya, ba ya kuma rufewa da wuri. Na lura inda aka daidaita ƙasa sosai ruwan na shimfiɗuwa lokaci guda. Inda aka bar tudu kuwa albasar wajen ta fi sauran ƙanƙanta, ganyenta ya fara ja a baki.

Malaman gona na lissafa cewa a lokacin zafi kayan lambu da suka yi girma kan buƙaci ruwa lita 5 zuwa 7 a kowane murabba'in mita kullum. Muka zauna a gindin darbejiya muka buga lissafin. Rubu'in eka kusan murabba'in mita 1,000 ne, wato aƙalla lita 5,000 a yini, jarka 200 ke nan mai cin lita 25. Eka guda jarka 800. Yaron ya sake bugawa a wayarsa, amsar ba ta canza ba. A nan ya fara maganar rubu'in eka maimakon gonar gaba ɗaya.

Dattijon ya ce shi da jigo ya buɗe ido, ana ɗaga guga daga rafi ana zubawa tun asuba har kafaɗa ta gaji. Daga baya ƙananan injinan fetur suka shigo, tare da 'yan rijiyoyin da ake hudawa a fadama a zura bututu, musamman da shirin Fadama da Bankin Duniya ya tallafa wa a shekarun 1990. Inji ya sauƙaƙa aiki, amma ya ɗaure manomi da gidan mai. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, wanda gonarsa ke nesa da magudana ya ji a jikinsa. Shi ya sa yanzu kana tafe sai ka hangi farantan sola a jingine a bakin gona, wasu kuma sun juya injinansu zuwa gas. Sola na da tsada ranar saye, amma lokacin da shuka ta fi jin ƙishi shi ne lokacin da rana ta fi ƙarfi.

Da muka zo kan tumatir sai bakin dattijon ya buɗe. Nan ƙasar tumatir ce, kuma dalili shi ne sanyin hunturu. Tumatir na son rana, amma idan zafi ya haura digiri 32 zuwa 35 kuma dare bai yi sanyi ba, furen kakkaɓewa yake yi ba tare da ya ƙulla ɗa ba. Da damina kuma laima ke jawo masa cututtukan ganye. Don haka ake zuba iri a bedi wajen Oktoba, a rene shi sati uku zuwa huɗu, a dasa da yamma idan rana ta yi sanyi, a fara tsinka bayan wata biyu da rabi ko uku. Irin da aka fi sani a nan su ne UTC da Roma, masu tauri da jure hanya, sai kuma sababbin irin da ake sayarwa a ƙananan fakiti da tsada. Ya gargaɗi yaron kada ya ɗebi iri daga 'ya'yan waɗannan na fakiti ya sake shukawa, domin ba sa maimaita abin da suka yi a karon farko.

Sai ya tsinko wani ganye ya ɗaga shi saitin rana ya ce mu duba. A tsakiyar ganyen akwai wani fili fari-fari, kore ya ƙare, saura fata kawai ta sama da ta ƙasa. A cikin wannan fatar wata 'yar tsutsa ce da ba ta kai tsawon ƙwayar shinkafa ba, tana motsi. Wannan ita ce sharon, wadda masana ke kira Tuta absoluta. Uwarta ƙaramin malam-buɗe-littafi ne mai ruwan toka, da dare take yawo. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, ta ɓulla a Sifen a 2006, ta bazu har ta iso mu. A 2016 ta yi wa gonakin Kano da Katsina da Jigawa da Kaduna mummunar ɓarna, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir a watan Mayu na shekarar. Masana'antar tumatirin gwangwani ta Ɗangote da ke nan Kadawa, wadda aka buɗe a shekarar da ƙarfin sarrafa tan 1,200 a yini, ba ta daɗe ba ta dakata saboda rashin tumatir.

Wahalar sharon ita ce tana ɓoye a cikin ganye inda feshi ba ya isa sosai, kuma idan aka dage da magani iri ɗaya sai ta saba da shi. Dattijon ya ce abin da ya fi taimaka masa ba a kwalba yake ba. Yana rufe bedinsa da gidan sauro, yana zagaya gona kullum da safe yana tsinke ganyen da ya kamu, idan an gama tsinka yana tumɓuke karan ya ƙone, kuma ba ya maimaita tumatir ko yalo a wuri ɗaya, sai ya bi da albasa ko masara. Idan feshi ya zama dole yakan sauya magani, ya kuma kiyaye kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba kafin a tsinka, domin abin nan cikin mutane zai shiga.

Daga nan muka ƙarasa Kwanar Gafan, babbar kasuwar tumatir ta wannan yanki. Tun daga nesa kake jin tsamin wanda ya fashe. Kwanduna jere a ƙasa iyakar ganinka, an rufe bakin kowanne da ciyawa ko takarda an ɗaure. Dillalai na zagayawa suna ɗaga murfi suna tura hannu ƙasa, don sun san na sama ado ne. Ana loda manyan motoci masu zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000, kwando bisa kwando, na ƙasa na ɗauke da nauyin na sama. Masana kan ƙiyasta cewa sama da kashi 40 cikin 100 na tumatirin da ake nomawa a Najeriya lalacewa yake yi kafin ya kai tukunya. An fara ganin kiret na roba da ke rage matsewa, amma har yanzu kwando ne ya fi yawa.

Mun tsaya kusa da wani manomi da ya kawo kayansa tun safe. An taya, ya ƙi. Rana ta take, wanda ya taya ɗazu ya dawo ya rage. Ya duba kwandunansa, ruwa ya fara tsatsafowa ta ƙasan ɗaya, ya ce a kawo kuɗin. Daga nan za a cire la'ada da kuɗin mota da na masu tsinka. Kowa a lokaci guda ya dasa, kowa a lokaci guda ya kawo, mai saye kuwa ya san kayan ba sa kwana. Waɗanda suka ƙi sayarwa a haka su ne muka gani a gefen hanya sun yanka tumatir sun shanya ya zama kauɗa, su adana sai farkon damina lokacin da ɗanye ke tsada. Yaron ya ce, "Kawu, ashe noman ne mai sauƙin." Na ce masa ai shi ya sa Hausawa ke cewa ba a fafe gora ranar tafiya, mai saye tun kafin a dasa ake nemansa.

Lambun da ya fi kama da abin da yaron yake nema a wajen Bunkure muka same shi, na wani tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya. Bai kai eka ba. Abu na farko da ya nuna mana shinge ne, ya ce kafin ya sa ko ƙwayar iri ɗaya a ƙasa sai da ya kewaye wurin, domin akuya ɗaya na iya cinye aikin wata uku kafin a idar da sallar azahar. A jikin shingen ya jera zogale, ga kariya ga ganyen sayarwa. A kusurwa akwai rami da yake tara kashin kaji da na shanu da toka da busasshen ganye, yana yayyafa ruwa yana juyawa har ya ruɓe ya yi baƙi. Ɗanyen kashin kaji ƙone shuka yake yi. Yana sa kamfa da yuriya kaɗan, amma ya ce ƙasarmu mai yashi idan ba takin gargajiya a cikinta, ruwa da takin zamani duk zurarewa suke yi. Gindin kowace bishiya ya lulluɓe shi da ciyawa da ɓuntun shinkafa don rana kada ta shanye laima, sai dai yana barin tazara daga jikin itacen saboda gara.

Tsarinsa na lokaci ne. Alayyahu sati uku zuwa huɗu an fara yanka, kuma ba ya zuba shi gaba ɗaya, kowane mako fangali biyu, don kada ya rasa abin kai wa matan da ke sayar da abinci a gari waɗanda suka saba da shi. Latas da kuɓewa na biye, kankana wajen wata uku. Gwanda kafin shekara ta zagayo ta fara bayarwa. Yakan dasa uku a rami ɗaya, idan sun yi fure ya gane mazan ya sare, ya bar namiji ɗaya ga mata kamar goma. Gwaiba shekara biyu zuwa uku. Mangwaro mai aure shekara uku zuwa huɗu, wanda aka shuka daga ƙwallo kuwa yakan ɗauki shekara biyar ko fiye, kuma ba tabbas ya yi zaƙin uwarsa. Ya ba mangwaron tazarar mita 10, a tsakaninsu yake noman ganye kafin inuwa ta rufe. Kuɗin ganye ke sayen mai da taki, su ke riƙe lambun har bishiyoyi su girma.

A gabanmu ya yi wa wani dashe aure. Ya ɗauko ɗan mangwaron gida mai kaurin fensir a cikin leda, ya datse kansa da reza, ya tsaga shi ta tsakiya kamar tsawon gaɓar yatsa. Ya yanko reshen mangwaron binta siga mai kauri ɗaya da shi, ya zage ganyen, ya fere gindinsa ta gefe biyu, ya cusa cikin tsagar har ɓawo ya haɗu da ɓawo. Ya naɗe wurin tam da tsinken leda, ya kifa wata farar leda a kai, ya ajiye a inuwa. Ya ce bayan kamar sati uku idan an ga toho, aure ya ɗauru. Saiwar ta gida ce mai jure ƙasarmu, 'ya'yan kuwa na irin da kasuwa ke so.

Yaron ya tambaye shi batun tuffa da inabi. Malam ya ce tuffa 'yar sanyi ce, a bar wa mutanen Jos da Mambila. Inabi kam yana yi a ƙasarmu, ga manoman Kudan a jihar Kaduna nan sun yi suna da shi, amma yana son rumfa da jari da gwaninta, ba da shi ake koyon lambu ba. Ya kuma shawarce shi kada ya sayi dashe a hannun wanda bai sani ba, tunda sai bayan shekaru ake gane an cuci mutum. Ga reshen cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, a Bagauda, ga tashar binciken noman rani ta Jami'ar Ahmadu Bello a Kadawa, ga malaman gona na hukumar KNARDA. Tambaya ba ta cin kuɗi.

Da la'asar muka isa Tiga. Ganuwar madatsar ta miƙe kusan kilomita 6, an gina ta ne don ta riƙe ruwa kusan lita tiriliyan biyu a bayanta, masunta na ta harkarsu a cikin kwale-kwale. Yawancin koren da muka ratsa tun daga Tamburawa daga nan ya fito. Amma ruwan da aka tare a nan wani aka rage wa. Tun da aka gina Tiga, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamun Haɗeja da Nguru kowace shekara ta ragu, ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama a can. Mai lambun da ke sakin ruwa ya malale a banza ya sani akwai mai jiransa a ƙasa.

Ga matashin da ke da ɗan fili yana tunanin lambu, abin da masu aikin suka nuna mana bai da yawa, sai dai a bi shi a jere. Ka auna ruwanka a watan Afrilu. Ka kewaye wurin. Ka san wanda zai sayi kayanka da sunansa kafin ka zuba iri. Ka fara da rubu'in eka ko ƙasa da haka, ganye a gaba, gwanda a tsakiya, mangwaro da gwaiba a baya, kuma ka riƙa rubuta kowace naira da ta fita da wadda ta shigo. In da hali, ka yi rani guda kana aiki a lambun wani kafin ka buɗe naka. Ƙaramin lambun da ke shan ruwa ya ƙoshi, mai shi kuma yana cikinsa kullum, ya fi babbar gonar da ake kula da ita ta waya.